Jatan lande ɗaya yuwan 38: nazarin abin da ya faru a wani gidan abinci a Qingdao

Duk wanda ke da firjin Haier ko talabijin ɗin Hisense a ɗakinsa yana da ɗan abin da ya haɗa shi da Qingdao, domin a can hedikwatar kamfanonin biyu take. Birni ne na bakin teku a lardin Shandong da ke gabashin ƙasar Sin, mai ƙatuwar tashar jiragen ruwa. Jamusawa sun riƙe shi daga 1898 zuwa 1914, gine-ginensu na nan har yau a tsohon gari, kuma a ruwansa aka yi tseren jiragen ruwa masu tafiya da iska na gasar Olamfik ta 2008. Mutanen ƙasar kan yi tururuwa zuwa can don shan iskar teku da cin abin da masunta suka kamo a ranar. Amma tun daga watan Oktoban 2015, in ka ce wa mutumin Sin "jatan landen Qingdao", zamba ce za ta fara faɗo masa a rai kafin daɗin abinci.

Abin da ya sa na ga lamarin ya cancanci a zauna a warware shi daki-daki shi ne waɗanda aka cuta ɗin ba baƙin ƙasa ba ne. 'Yan ƙasa ne, da harshensu aka yi musu magana, sun iya karanta takardar abincin, sun san lambar 'yan sanda, kuma sun yi abin da kowa ke cewa a yi, wato sun tambayi kuɗi kafin su ci. Duk da haka a daren sai da suka zaro kuɗi suka biya. In haka ta faru da ɗan gida, sai mu tambayi kanmu me zai faru da ɗan kasuwarmu da ya sauka da biza ta 'yan kwanaki, ba ya jin ko "sannu" da yaren mutanen.

Daren 4 ga Oktoba

A farkon Oktoba na kowace shekara Sin na hutun kusan mako guda na bikin kafuwar jamhuriyarta, hutun da suke kira makon zinariya. Ofisoshin gwamnati a rufe suke, jiragen ƙasa maƙil, otal-otal sun cika, garuruwan yawon buɗe ido kuwa ba masaka tsinke. A cikin wannan mako ne, ranar 4 ga wata da daddare, wasu iyalai biyu da ba su san juna ba suka zauna a wani ƙaramin gidan gashin abincin teku a gundumar Shibei. Ɗaya magidancin daga Nanjing ya zo, ɗayan daga lardin Sichuan.

A takardar abincin an rubuta manyan jatan landen teku, a gefensu kuma 38. Yuwan 38 a lokacin wajen dala 6 ne, kuɗin da ya yi daidai da farantin abinci a irin wannan rumfa. Baƙin sun ce sun tambayi masu kawo abinci ko kuɗin faranti ne, aka ce musu e, na faranti ne. Aka kawo, suka ci.

Da aka zo biya sai magana ta sauya. Mai gida ya ce 38 ɗin kuɗin jatan lande ƙwaya ɗaya ne. Farantin mutumin Nanjing na ɗauke da guda 40, saboda haka kuɗinsa ya tashi yuwan 1,520, wajen dala 240, jimillar abin da aka ce iyalinsa sun ci kuma ta kai yuwan 2,175. Na mutumin Sichuan ya kama 1,338. Da suka yi gardama, mai gida ya ɗauko takardar abincin ya kai yatsa can ƙasa, inda wani siririn layi yake cewa abincin tekun da aka jera a sama ƙwaya-ƙwaya ake lissafa shi. Layin yana nan, ba ƙirƙirarsa ya yi a lokacin ba. An dai ajiye shi inda idon mai jin yunwa ba zai kai ba, kuma bakin ma'aikata ya riga ya faɗi akasinsa.

Baƙin sun ce da suka ƙi biya an yi musu barazana, har aka ce in suka ci gaba da taurin kai, 'yan ƙananan halittun teku masu ɓawo da suka ci su ma za a koma ƙirga su ɗaya bayan ɗaya. Suka kira 110, lambar 'yan sanda. Shi ma mai gida ya kira, ya ce ga wasu sun ci abinci suna neman gudu ba su biya ba.

Inda hukuma ta zame

Nan ne wurin da ya fi ci mini rai a labarin. 'Yan sanda sun zo, suka saurari kowa, suka ce wannan rigimar farashi ce, ba hurumin su ba ne, a nemi ofishin kula da farashi. Aka nemi ofishin, aka tarar dare ya yi kuma ana hutu, sai a jira. Ga mutane a tsaye da mata da 'ya'ya a bakin titi a garin da ba nasu ba, ga mai gida ya tsare hanya, hukuma ɗaya ta tura su ga ta biyu, ta biyu ta tura su ga gobe.

Ƙarshenta dai a gaban 'yan sanda aka yi abin da aka kira sulhu. Mutumin Nanjing ya biya yuwan 2,000, mutumin Sichuan ya biya 800. A duba lissafin farko da kyau: daga 2,175 zuwa 2,000, ragin 175 ke nan kacal. Wannan ba sulhu ba ne a wurina. Mai cuta ya samu kusan duk abin da ya nema, kuma ya same shi da shaidar hukuma.

Ba na cewa 'yan sandan sun haɗa baki da shi. Abin da ya fi kama da gaskiya ya ma fi wannan ban tsoro, domin yana iya faruwa a kowace ƙasa. Ɗan sanda da aka kira wurin hayaniya da dare, abin da ke gabansa shi ne a watse lafiya kada a zubar da jini. Yana ganin abinci an riga an cinye, ga takarda mai rubutu a hannun mai gida, ga baƙi da ba su da komai sai "wallahi haka aka ce mana". Hanya mafi sauƙi gare shi ita ce ya ce a rage wani abu, a biya, kowa ya kama gabansa. Mai irin wannan sana'a ya san haka sarai. Shi ya sa ba ya tsoron a kira hukuma, har shi da kansa yake riga ka kira.

Abin da ya juya lamarin

Washegari labarin ya hau Weibo, dandalin sada zumunta na Sin, tare da hoton takardar lissafin da ke nuna kuɗin. Cikin kwana ɗaya ya karaɗe ƙasar. Jaridu da gidajen talabijin suka ɗauka. Mutane suka mai da jatan lande ma'aunin kuɗi a barkwancinsu, ana tambayar mota kaza ko gida kaza jatan lande nawa ne. Lardin Shandong ya shafe shekaru yana kashe maƙudan kuɗi wajen tallata kansa a matsayin lardin karɓar baƙi, sai ga faranti guda ya zubar da wannan suna.

Daga nan hukumomin da suka ce ana hutu suka farka, alhali hutun bai ƙare ba. Ranar 6 ga wata aka sanar da tarar yuwan 90,000, wajen dala 14,000, a kan gidan abincin, aka rufe shi, aka umarci a mayar da kuɗin da aka karɓa ba bisa ƙa'ida ba. Kafin hutun ya ƙare an dakatar da shugaban ofishin sa ido kan kasuwanni na gundumar, aka ja kunnen shugabannin ofisoshin farashi da na yawon buɗe ido. Rahotannin da suka biyo baya sun nuna cewa iyalan nan biyu ba su ne na farko da suka koka da wurin ba.

Doka kuwa tana nan tun kafin daren. Dokar farashi ta Sin, wadda ta fara aiki a 1998, ta wajabta wa mai sayarwa ya bayyana farashi a fili, ta kuma hana amfani da farashi mai ruɗarwa don jawo mai saye. Dokar kare haƙƙin masu saye, bayan gyaran da ya fara aiki a watan Maris na 2014, ta ba wanda aka zambata damar neman diyya ninki uku na abin da ya biya, kuma ba za ta gaza yuwan 500 ba. Ga kuma dokar yawon buɗe ido ta 2013. Duk waɗannan suna rubuce a ranar 4 ga Oktoba, babu ɗaya da ta hana mutumin Nanjing zaro 2,000 daga aljihunsa. Abin da ya yi aiki shi ne hoton takarda da kuma kunyar da ta kama birni gaba ɗaya. Kuma ya kamata a faɗi gaskiya: dubban mutane ake yi wa irin wannan a faɗin duniya, labarinsu ba ya zuwa ko'ina. Wanda ya dogara da cewa intanet za ta ƙwato masa haƙƙi ya dogara da sa'a ne.

A ina cutar take zaune?

Lambar 38 gaskiya ce. Babu wanda ya goge ta ya rubuta wata. An ɓoye ma'aunin ne, wato 38 na mene ne. Wanda ya je Dawanau aka ce masa masara dubu kaza, ba zai ce "na saya" ba sai ya ji na tiya ne ko na buhu. Amma mutumin nan da ba a iya yi masa wayo a kasuwar hatsi, in ya zauna a kujera aka shimfiɗa masa ƙyalle aka miƙo masa takarda mai hotuna, sai ya ɗauka duk lambar da ya gani kuɗin faranti ce, domin haka aka saba da shinkafa da taliya. Abincin teku shi ne inda wannan sabo ke karyewa, saboda a kusan ko'ina a duniya ana sayar da shi da nauyi ko da ƙwaya, kuma farashinsa na hawa da sauka da abin da masunta suka samu. Wannan halattacciyar al'ada ce, ita kuma mai cuta yake fakewa a bayanta.

Akwai kuma abin da ya bambanta abinci da sauran kaya. Takalmi in ka ji kuɗinsa ya yi yawa sai ka ajiye ka wuce. Abinci kuwa sai ya shiga ciki ake kawo lissafi, ba mai iya mayar da shi. Duk ƙarfin da mai saye yake da shi yana hannunsa ne kafin a ɗora tukunya. Da zarar an kashe kifin an jefa a mai, ƙarfin ya koma hannun mai gida, duk abin da za ka yi bayan nan ihu ne bayan hari.

Sai kuma lissafin mai gidan kansa. Mai abinci a unguwa yana rayuwa ne da mutanen da za su dawo gobe, ba zai iya cutarsu ba. Mai rumfa a kusa da tashar jirgin ƙasa ko bakin teku ko gindin wani shahararren gini ya san ba zai sake ganin fuskarka ba. Gobe wasu dubbai za su sauko. A wurinsa yankan mutum ɗaya ya fi ribar ciyar da goma.

Darasin da ya fi kowane nauyi a wurina shi ne batun tambayar. Sun tambaya, an ba su amsa mai daɗi, amma amsar ta baki ce, kuma ta fito daga yaron da ke kawo abinci. Lokacin biya wani mutum dabam suka tarar, wanda bai yi musu alkawarin komai ba, yana riƙe da rubutu. Maganar baki ba ta da nauyi a gaban takarda, ko da takardar ce maƙaryaciya.

Ba Qingdao kaɗai ba, kuma ba kullum ne zamba ba

Wata huɗu bayan haka, a hutun sabuwar shekarar Sin na Fabrairun 2016, wani baƙo a birnin Harbin ya ci kifi da iyalinsa aka kawo masa lissafin sama da yuwan 10,000. An sa wa kifin yuwan 398 kowane jin, wato rabin kilo. Shi ya ce an auna jin 10.4 a gabansa, a takarda kuma aka rubuta 14.4. Binciken farko na hukuma ya wanke gidan abincin bisa hujjar cewa farashi na rubuce a fili. Sai da jama'a suka yi ca aka sake bincike, aka gano kifin na kiwo ne aka sayar da sunan na kogi, kuma sa hannun da ke kan takardar oda ba na baƙon ba ne. Aka ci tarar gidan yuwan 500,000, aka soke lasisinsa. A nan sikeli ne da alƙalami suka yi aikin da siririn layi ya yi a Qingdao.

A Benis ta Italiya, a wani labari da ya fito a Janairun 2018, ɗalibai huɗu 'yan Japan sun biya wajen Yuro 1,100 kan gasasshen nama da farantin kifi da abin sha a kusa da dandalin San Marco, ba tare da an ba su rasit na haraji ba. Daga baya hukumomi suka lafta wa gidan tara. A Italiya kalmar da ake dubawa ita ce "etto", gram 100, wadda ake rubutawa da ƙananan haruffa a gefen kuɗin kifi ko nama.

Amma akwai wani lamari da nake so a riƙe don kada mu ɗauki duk lissafi mai nauyi a matsayin sata. A Singafo, a watan Agustan 2023, wata baƙuwa daga Japan da abokan tafiyarta sun ci wata ƙatuwar ƙaguwa a wani gidan abinci a Clarke Quay, kuɗinta ya tashi dalar Singafo 938. Farashin 26.80 ne kowane gram 100, ƙaguwar kuma kilo uku da rabi ce. Ita ta ce ba a faɗa mata cewa na gram 100 ba ne. Gidan abincin ya ce an yi bayani, an ma kawo ƙaguwar da ranta har tebur an nuna musu, ya kuma fitar da hotunan kyamarar tsaro. Mai yiwuwa kowa gaskiyarsa yake faɗa: wannan ya yi bayani da yaren da wancan ba ya ji sosai, wancan ya gyaɗa kai don ladabi. Sakamakon dai ɗaya ne da na Qingdao, aljihu ya yi kuka. Da an rubuta 938 a takarda an nuna mata kafin a kai ƙaguwar kicin, da babu rigimar da za ta tashi, ko da wa ke da gaskiya.

Me ya sa abin ya shafe mu musamman

Mutanenmu na zuwa Sin da yawa. 'Yan kasuwa na sauka Guangzhou da Yiwu, wasu na halartar babban baje kolin Canton da ake yi sau biyu a shekara, ga ɗalibai, ga masu zuwa duba masana'anta a garuruwan da ba a saba ganin baƙar fata ba. Musulmi kuwa in ya shiga garin da bai amince da yankan naman ba, abin da yake cewa shi ne, "A kawo kifi kawai, shi ba ya buƙatar yanka." A mazhabar Malikiyya da yawancinmu ke bi, abin da ya fito daga teku halal ne, saboda haka kifi da jatan lande da ƙaguwa su ne mafakarmu a Sin, da Turai, da Tailan, da ko'ina. Ka ga ke nan taka-tsantsan ɗin da muke yi don addini yana kai mu kai tsaye shafin da ya fi kowane haɗari a takardar abinci, shafin da ake sayarwa da nauyi, da ƙwaya, da "farashin yau". Ban ce a daina cin kifi ba. A dai san cewa a wannan shafin ne ake buƙatar buɗe ido.

Sai kunya. Alhaji ya gayyaci mai masana'anta ko abokan tafiya, yana so ya nuna shi ma ɗan mutunci ne. Yaronsa ya sunkuyo ya ce, "Alhaji, a tambayi kuɗin kifin nan tukuna," sai ya harare shi: "Haba, a gaban baƙi?" In lissafi ya zo da nauyi kuma, abin da za ka ji shi ne, "Bar shi kawai, a biya a wuce, Allah ya isa." Mai cuta na cin abinci da wannan hali. Ya san wanda ya zo da baƙi ko da iyali ba ya son tashin murya. Su kansu mutanen Sin ba sa ganin tambayar nauyi da kuɗin kifi a matsayin ƙaranta, abin da kowane mai hankali ke yi ne a gaban tankin kifi.

Ga kuma raunin baƙo na musamman. Ba ya jin yare, jirginsa gobe ne ko jibi, kuma yana tsoron duk abin da zai kai shi ofishin 'yan sanda a ƙasar da ba tasa ba, ko da shi ke da gaskiya. Baƙon gari makaho ne, in ji Hausawa, kuma masu wannan sana'a suna gane makaho tun daga bakin ƙofa.

Kafin a ɗora tukunya

Abin da nake ganin ya fi kowace dabara shi ne a nemi jimilla a rubuce. Kada ka tsaya ga "nawa ne wannan?", domin za a iya ba ka amsa ta gaskiya wadda ba ta da amfani. Ka buɗe kalkuletar wayarka, ko ka miƙa biro da takarda, ka nuna farantin ka nemi a rubuta abin da za ka biya gaba ɗaya kansa. Lamba ba ta buƙatar tafinta. In an rubuta, ka ɗauki hotonta tare da takardar abincin, har ƙasanta da bayanta. Wanda ya ƙi rubutawa, ko ya ce "kada ka damu, ba tsada", ya riga ya ba ka amsa, sai ka tashi tun ba ka sha ko ruwansu ba.

Ga mai zuwa Sin, akwai alamomi kaɗan da ya kamata ido ya saba da su a gefen lamba. 份 faranti ne. 只 ko 个 ƙwaya ɗaya ce. 斤 rabin kilo ne, ba kilo ba, kuma mutane da yawa na faɗawa a nan. 两 gram 50 ne kacal, saboda haka lambar da ke gefensa sai ka ninka ta sau ashirin kafin ka samu kuɗin kilo. 时价 kuwa na nufin farashin ranar, wato babu lamba sam sai ka tambaya.

In wurin mai tankin kifi ne, ka bi ma'aikacin har can. Ka tsaya ka ga ya cafko wanda kake so, ka ga ya tsiyaye ruwan da ke cikin leda ko kwando, ka ga sikelin yana kan sifili kafin a ɗora, ka karanta nauyin da idonka. A wasu wuraren, da ka nuna kifi da yatsa kana tambaya, sai a fizgo shi a buga da ƙasa, a ce ai ya mutu, ya zama naka. Saboda haka hannunka ya zauna a aljihu har sai an gama maganar kuɗi, sannan ka ce a kama.

Ka yi hattara da wurin da direban tasi ko ɗan rakiya ya nace sai ya kai ka, domin sau da yawa yana da kamasho, kuma daga farantinka za a cire shi. Haka wanda ke tsaye a ƙofa yana jan hannun masu wucewa. A Sin manhajar Dianping ce mutanen gari ke dubawa don ganin abin da wasu suka ce game da gidan abinci, a Turai kuwa Google Maps na yin wannan aiki. Ka fara karanta ƙorafe-ƙorafe kafin yabo, domin ana iya sayen yabo, amma in mutum biyar da ba su san juna ba suka ambaci sikeli, akwai magana. Wanda kuma yake son cin halal cikin kwanciyar hankali, ya nemi alamar 清真. Shagunan taliyar Lanzhou da Musulmin Sin ke gudanarwa suna kusan kowane birni, kuɗin kowane kwano na manne a bango, ba a auna komai.

In lissafin ya riga ya zo

Kada ka ɗaga murya, kada ka taɓa kowa, kada kuma ka yi yunƙurin ficewa ba ka biya ba, domin a nan ne rigimar farashi ke komawa laifi, kuma kai ne baƙo. Ka nemi lissafi dalla-dalla, abu da kuɗinsa, ka ɗauki hoto. Ka kira wanda ke jin yaren, ko wakilinka na kaya, ko mai masaukinka, ko ma'aikacin otal ɗinka, ya yi magana da su ta waya. Muryar ɗan gari kan sauke farashi fiye da duk wata hujja taka.

A Sin lambar ƙorafin masu saye ita ce 12315. A lokacin da abin Qingdao ya faru ƙorafin farashi na da lambarsa dabam, 12358, a ƙarƙashin wani ofishi dabam, abin da ya sa aka yi ta tura mutane daga wannan ƙofa zuwa waccan. A 2018 an haɗe ayyukan sa ido kan kasuwa a ƙarƙashin hukuma ɗaya, a 2019 kuma aka haɗe lambobin ƙorafin a 12315. In ana tsare ka ko ana yi maka barazana, 110 za ka kira, amma ka sa a ranka cewa abin da za su fi yi shi ne raba faɗa.

In ta kama dole ka biya don ka tsira da mutuncinka, ka biya ta hanyar da ke barin sawu, kati ko manhajojin biyan kuɗi na Alipay da WeChat Pay, waɗanda tun 2023 suke karɓar katunan ƙasashen waje. Ka nace a ba ka rasit mai sunan gidan da kwanan wata, a Sin ka nemi wanda suke kira fapiao, na haraji. Da shi ne za ka shigar da ƙorafi washegari, ko ka bar wa wakilinka ya bi maka bayan ka tashi. Duk yadda aka matsa, kada ka miƙa fasfonka jingina a kan kuɗin abinci, ko da an ce na ɗan lokaci ne har ka je ka ciro kuɗi. Gara ɗaya daga cikinku ya zauna a wurin, ɗaya ya je ya dawo.